Wuƙar aljihu mai tambarin 8Cr13MoV: ta isa hutu ko da sauran aiki a gabanta?

Duk wanda ya ɗauki wuƙar aljihu mai naɗewa irin wadda ake shigowa da ita daga Sin, ya duba gindin ruwanta kusa da ƙota, sau da yawa zai ga an rubuta 8Cr13MoV da ƙananan haruffa. Wannan rubutun sunan ƙarfen wuƙar ne, kuma lissafin abin da aka narka a cikinsa ne: kabon wajen kashi 0.8 cikin ɗari, kuromiyam wajen kashi 13, sai ɗan molibdenam da banadiyam waɗanda kowannensu bai kai rabin kashi ɗaya ba. Ɗan'uwan AUS-8 na Japan ne, kusan uwa ɗaya uba ɗaya. Kamfanoni masu suna sun daɗe suna amfani da shi a wuƙaƙensu na araha. Spyderco Tenacious da shi ta yi suna, haka Kershaw Cryo, haka Sanrenmu 710 da ta zagaya duniya.

Yanzu masu tallan wuƙa a intanet sun juya masa baya. Kuɗin da ake sayen wuƙar 8Cr13MoV a da, yau da ɗan ƙari kaɗan sai a miƙo maka mai ƙarfen D2 ko 14C28N, ga kuma na sama irin su S35VN da MagnaCut ga mai hali. Tambayar da ta dace da mai saye a Katsina ko Daura ita ce: da me za ka wasa ta idan ta dakushe, kuma me take yanka a wuninta? Amsar waɗannan biyun ita ke zaɓen ƙarfe, ba sabuntarsa ba.

Mu ɗauki Tenacious a matsayin ma'auni, tunda ita ce aka fi sani a wannan aji. Tsawon ruwanta milimita 86, kaurin bayanta milimita 3, an zabge ruwan tun daga baya har zuwa kaifi ba tare da tudu a tsakiya ba, nauyinta kuma wajen giram 117. Ƙotar G-10 ce, wato zaren gilashi da aka danne da ƙaro, ba ta jin ruwa ba ta jin gumi. Makullinta siririn ƙarfe ne da ke faɗawa bayan ruwan idan an buɗe. Taurin 8Cr13MoV a hannun kamfani mai kula yakan tsaya tsakanin 57 da 59 a ma'aunin Rockwell. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne wuƙa ce mai saurin ɗaukar kaifi, mai saurin sakinsa. Ɗan tireda da ke farke kwalaye da yanke igiyar leda tun safe zai ji ta fara zamewa a kan leda kafin mako ya zagayo, wani lokacin ma kafin kwana biyu idan kayan sun yi yawa. Amma minti biyar a kan dutse ta dawo tana aske gashin hannu. Wannan cinikin ne ake yi da ita, kuma ba mummunan ciniki ba ne.

Dalilin saurin dakushewar yana cikin ƙarfen. Idan kabon ya haɗu da kuromiyam ko banadiyam yakan zama ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri da ake kira kabayid, suna warwatse a jikin ƙarfen kamar tsakuwa a cikin kankare. Yawansu shi ke hana kaifi cinyewa, girmansu kuma shi ke sa kaifi ɓantarewa. 8Cr13MoV ba shi da su da yawa. D2 kuwa, mai kabon kashi 1.5 da kuromiyam kashi 12, cike yake da su, manya-manya. Shi ya sa a yankan kwali, wanda ke da ƙasa-ƙasa a jikinsa mai cin kaifi, D2 ke daɗewa fiye da 8Cr13MoV a fili ƙarara, ba abin da za a yi musu a kai.

To amma D2 ba sabon ƙarfe ba ne, tsohon ƙarfen masana'anta ne da ake yin abin huda da datsa faranti da shi tun ƙarnin da ya wuce, arahar da ya yi ce ta sa ya cika wuƙaƙen aljihu. Kuma yana zuwa da larura uku da suka fi damun mai aiki a nan. Ta farko, ba ya son murɗawa. Mai yanka rake, ko mai sa bakin wuƙa ya ɓanɓare murfin gwangwanin madara, ko wanda wuƙarsa ta ci karo da waya a cikin ɗaurin buhu, zai ga ƙananan giɓi a kaifin D2 inda 8Cr13MoV zai lanƙwashe kawai. Lanƙwasa ana miƙar da ita da ɗan shafi a dutse. Giɓi sai an cinye ƙarfe har an wuce zurfinsa. Ta biyu, tsatsa. Ƙarfe yana bukatar kuromiyam wajen kashi 10.5 a sake a jikinsa kafin ya tsare kansa daga tsatsa, na D2 kuwa kaso mai yawa ya tafi cikin kabayid, abin da ya rage bai isa ba. Daga Yuli zuwa Satumba, wuƙar D2 da ke kwana a aljihun kaftani mai gumi, ko wadda aka yanka lemun tsami ko albasa da ita aka naɗe ba a goge ba, za ta fito da jajayen ɗigo, musamman kusa da mahaɗa inda tsumma ba ya kaiwa. Ta uku ita ce washi. Dutsen da ke gyara 8Cr13MoV cikin minti biyar zai ci ninki biyu ko uku na wannan lokacin a kan D2, in dai giɓi ya shiga lissafin.

Ga inda ƙasarmu ke canja lissafin masu talla. Yashi yawancinsa ma'adinin kwaz ne, taurinsa wajen 1,100 a ma'aunin Vickers, alhali jikin ƙarfen wuƙa mai taurin 60 a Rockwell bai wuce wajen 700 ba a wannan ma'aunin. Wato ƙwayar yashi ta fi jikin kowane ƙarfen wuƙa tauri, na araha da na tsada. Igiyar da ta kwana a ƙasa a karar dabbobi ta Mai'adua, buhun gero da aka ja a kan turɓaya, kabar da aka yanko, karan dawa da ake datsa daga tushe, fatar da ta sha ƙurar hunturu, duk cike suke da shi. Idan ƙura ce mai laushi, ƙarfe mai yawan kabayid yana nan da fifikonsa, domin ƙwayoyin kabayid ɗin sun fi yashin tauri. Amma idan kaifi ya daki ƙwayar yashi mai gwaɓi ko ya taɓa ƙasa bayan ya ratsa igiya, babu ƙarfen da ke tsira: mai laushi ya baje, mai tauri ya ɓantare. Manomi da makiyayi da ɗan dako irin wannan dakushewar suke fama da ita, kuma maganinta ɗaya ne, a wasa. Wanda ke washi kullum, ƙarfen da ke wasuwa da sauri shi ne abokin tafiyarsa.

Idan akwai ƙarfen da ya cancanci ya karɓi gurbin 8Cr13MoV a wannan yankin, 14C28N ne. Kamfanin Sandvik na Suwidin ne ya fitar da shi, wanda ɓangarensa na ƙarfe ya koma suna Alleima a 2022, kuma Kershaw Leek na cikin wuƙaƙen da aka fi saninsa da su. Kabon ɗinsa kashi 0.62 ne kacal, kuromiyam 14, sai naitirojin 0.11 wanda ke ƙara masa tauri ba tare da ya cinye kuromiyam yadda kabon ke yi ba. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai. Sakamakon: ya fi 8Cr13MoV jure tsatsa, ya fi shi jure duka da murɗa, ana iya kai shi taurin 60 zuwa 62 bai zama mai karyewa ba, kuma yana wasuwa a kan dutse na gama-gari. Sai dai kada a ruɗi kowa, a tsawon riƙe kaifi bai yi wa 8Cr13MoV nisa ba. Ribarsa tana wani wurin: da yake ba ya ɓantarewa, ana iya siranta kaifinsa zuwa kusurwar digiri 15 kowane gefe, siririn kaifi kuma yana daɗewa yana yanka fiye da mai kauri ko da ƙarfen iri ɗaya ne. Idan bambancin kuɗi tsakanin wuƙa biyu masu ƙira ɗaya bai wuce kashi ɗaya bisa huɗu ba, a ɗauki mai 14C28N ba tare da dogon tunani ba.

Na saman kuwa, labarinsu daban. S30V da kamfanin Crucible na Amurka ya fitar a 2001, da S35VN da ya biyo baya a 2009, da M390 na Böhler a Ostiriya, duk daga garin ƙarfe ake danne su, abin da ke sa kabayid ɗinsu ya zama ƙanana kuma a rarrabe daidai. MagnaCut da Larrin Thomas ya tsara, ya fito a 2021, ya yi abin da ba a saba gani ba: kuromiyam ɗinsa kashi 10.7 ne kawai amma ya fi da yawa daga masu kashi 14 jure tsatsa, domin an daidaita shi yadda banadiyam kashi 4 da niyobiyam kashi 2 za su kwashe kabon ɗin, kuromiyam ya zauna a sake. Ƙarfe ne mai kyau, babu ja. Matsalar ita ce kabayid na banadiyam taurinsa ya kai wajen 2,800 a Vickers, ya fi ƙwayar dutsen washi na kanti irin na alminiyam oksayid da ke wajen 2,000, balle dutsen gida. Dutsen zai ci jikin ƙarfen a hankali ya bar ƙwayoyin, a daɗe ana gurzawa a samu kaifin da bai kai kuɗin wuƙar ba. Sai da farantin daimon, wato farantin washi mai garin lu'ulu'u a fuskarsa. Wanda ba shi da farantin daimon, kuma ba ya niyyar saye, bai kamata ya kusanci wannan ajin ba. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba, wuƙar aljihu ara ake yi, a manta da ita a majalisa, ta faɗi a bayan babur. Ɓatan Sanrenmu haushin yini ɗaya ne.

Duk wannan bayanin ya dogara ne a kan cewa abin da aka rubuta a jikin wuƙar gaskiya ne, kuma an yi mata horon wuta, wato gashin da ke ba ƙarfe taurinsa, yadda ya kamata. A nan ne yawancin wuƙaƙen kan tebur ke faɗuwa. Rubuta D2 ko M390 a jikin ruwa da injin zane ba ya cin ko sisin kirki, kuma jabun wuƙaƙe masu tambarin manyan kamfanoni sun cika kasuwannin intanet. Wadda aka rubuta mata "Stainless" kawai, ko 440 babu harafi a gaba, yawanci 3Cr13 ce ko makamancinsa, mai kabon wajen kashi 0.3, taurinsa ƙasa da 55. Irin waɗannan ne suka ɓata wa ƙarfen Sin suna, har ake jifan 8Cr13MoV da laifin da ba nasa ba. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi a gaban mai kaya ba ya nuna komai, duk ƙarfen wuƙar da ke ɗaukar tauri yana kama maganaɗisu. Gwajin da ke magana shi ne sabon magagari mai laushin haƙori a jikin ruwan kusa da gindi: idan ya kama ya ci cikin sauƙi ƙarfen mai laushi ne, idan ya zame yana ƙara to ya kusa 60. Da wuya mai shago ya yarda a yi masa haka, shi ya sa sunan kamfani da amincin wanda ya kawo kayan suka fi rubutun jikin wuƙa daraja. Misalin da ke nuna muhimmancin horon wuta shi ne 420HC na kamfanin Buck: kabon ɗinsa bai kai rabin kashi ɗaya ba, a takarda yana ƙasa da 8Cr13MoV, amma da yake ana kai shi wajen 58 da kulawa, ya shekara da shekaru yana gamsar da mafarauta.

Horon wutar nan kuma ana iya kashe shi a minti ɗaya a wurin mai injin washi. Bayan an taurara irin wannan ƙarfen, ana sassauta shi ne a zafin da bai cika wuce digiri 200 ba. Bakin kaifi siriri ne, busasshen dutsen inji yana ɗaga zafinsa ya wuce haka nan take. A baƙin ƙarfe, launin ruwan ƙasa mai haske yana fitowa wajen digiri 220, shuɗi wajen 300. Farin ƙarfe mai kuromiyam ya fi jinkirin nuna launi, don haka kafin ka ga ya sauya, ɓarnar ta riga ta auku. Wuƙar da ta dawo daga inji tana kaifi yau ta dakushe gobe, ƙonewa ta yi. Maganinta a wasa da hannu sau biyu ko uku har a wuce wurin da ya ƙone. Maƙeri kuma ba zai iya sake taurara ta a gawayi ba, domin farin ƙarfe yana bukatar sama da digiri 1,000 a tsaye na wasu mintuna, saɓanin sifirin mota da maƙeranmu ke ƙera wuƙa da shi, wanda ke ɗaukar tauri a wajen digiri 830 idan aka tsoma shi a mai.

Washin hannu na 8Cr13MoV da 14C28N iri ɗaya ne, kuma ba ya bukatar kayan tsada. Dutse mai fuska biyu ya isa. In babu, sanfefa mai jure ruwa lamba 400 da lamba 1000, a shimfiɗa a kan gilashi ko tayil. A shafa tawadar baƙin alƙalamin maka a bakin kaifin gefe biyu, don a ga inda dutsen ke ci. Ga ruwa mai faɗin milimita 25, a ɗaga bayansa milimita 7 zuwa 8 daga dutsen, wajen kaurin fensir ke nan, wannan yana ba da kusurwar digiri 16 zuwa 19. A gurza gefe ɗaya a fuska mai gwaɓi har sai yatsa ya ji wani siririn leɓen ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini. Wanda ya juya kafin leɓen ya tashi bai kai bakin kaifin ba, ya ɓata lokacinsa. A juya a yi haka, sannan a koma fuska mai laushi da sassaucin hannu. Aibin 8Cr13MoV a nan yake: leɓensa na da naci, yana komawa wannan gefe da wancan ba ya yankewa, musamman idan taurin ya yi ƙasa. Mutane da yawa suna tsayawa a nan, wuƙa ta aske gashi, a yanka kwali ɗaya leɓen ya kwanta, a ce ƙarfen banza ne. A ɗaga kusurwar kaɗan, a yi shafi biyu-biyu marasa nauyi kowane gefe, sannan a ja ta da baya a kan guntun fata da aka manna a katako, sau goma kowane gefe. Ragowar fata a wurin dukawa ba ta da tsada. A duba da hasken rana: kaifin da ya kammala ba ya ƙyalli idan aka kalle shi ta baki.

Akwai abin da ya fi ƙarfe saurin kashe wuƙar aljihu a Katsina, wato mahaɗarta. Sababbin wuƙaƙe masu D2 da yawa, irin su Civivi Elementum, a kan ƙananan boris suke juyawa, shi ya sa suke buɗewa da taɓi ɗaya. Daɗi a hannu, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura na shiga tsakanin ƙwallayen ta haɗu da mai ta zama taɓo, sai a ji ƙaras-ƙaras. Masu wosha ta tagulla, irin Tenacious, ba su da gurbin da ƙura za ta zauna sosai, kuma ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya ishe su. Kada a cika mai, shi ke kiran ƙura. Notocin yawancin wuƙaƙen nan masu kan tauraro ne, T6 da T8, kuma na wuƙaƙen araha suna da laushi, sukundireban da bai zauna daidai ba zai cinye kan notin a juyi ɗaya. Kafin a biya, a buɗe wuƙar a girgiza ruwan hagu da dama, sama da ƙasa, kada ya yi motsi. A duba makullin ya shiga bayan ruwan wajen kashi ɗaya bisa uku zuwa rabi. Wanda ya tsaya a baki-baki zai iya zamewa ya naɗe a kan yatsu, wanda ya tafi har ɗaya bangon kuma ya ƙare rayuwarsa tun yana sabo. A naɗe ta a ga ruwan ya kwanta a tsakiya ba ya gogar gefe. Ruwa mai santsi ko mai zanen goga ya fi wanda aka fesa wa yashi ya yi toka-toka, domin wannan fuskar tana riƙe gumi, kuma a kanta ne 8Cr13MoV ya fi yin ɗigon tsatsa da damina.

Wuƙar aljihu ba wuƙar yanka dabba ba ce, ko wane ƙarfe ke jikinta. Jini da kitse suna shiga mahaɗa su ruɓe a ciki, ruwan kuma ya yi gajere ga wuyan rago. Layya da fiɗa aikin doguwar wuƙar maƙera ne mai kube. Haka nan mai yawan bin hanyar Jibiya ko Kongolam ya tuna cewa wuƙa baƙa mai buɗewa da tsalle tana jawo tambaya a shingen jami'an tsaro, a garin da aka sha fama da ƙauraye, alhali ƙaramar wuƙa mai ƙotar itace irin Opinel ko Okapi kowa ya san ta aiki ce. Opinel ɗin ma, mai farin ƙarfe, da 12C27 na Sandvik ake yin ta, yayan 14C28N, kuma sirantar ruwanta ta sa tana yanka albasa da igiya fiye da wuƙaƙe masu kauri da suka ninka ta kuɗi. Ƙotarta ce ke kumbura idan ta sha ruwa har ruwan ya ƙi buɗewa, sai a bar ta a inuwa ta bushe, a shafa ɗan basilin a mahaɗar.

Hukuncinmu a kan wuƙar 8Cr13MoV: ta gaskiya, daga kamfani sananne, a farashin araha, har yanzu saye ne mai kyau ga manomi, makiyayi, direba da duk wanda dutsen gida ne abin washinsa. Abin da ya ƙare shi ne zamanin da za a sayar da ita da tsada saboda tambari, tunda 14C28N ya sauko kusa da ita. D2 na mai shagon da kwali busasshe ne aikinsa, wanda zai riƙa goge ta da shafa mata mai duk damina, kuma ba ya ɓanɓare gwangwani da ita. Mai sayen S35VN ko MagnaCut ya haɗa kuɗin farantin daimon mai lamba 400 zuwa 600 a cikin lissafinsa tun ranar da ya yi oda.